Taƙi Bai Cika Ba

A Hounslow muke, ƙarƙashin hanyar jirage,
inda kofin shayi ke rawa a kan faranti
duk bayan 'yan mintuna.
Baƙo kan ɗaga kai. Mu mun daina.

Daren Talata Ramlatu ta zo da aikin makaranta:
a auna tsakanin birni biyu, kowa ya zaɓi nasa.
Ta sauko da ƙwallon duniya daga kan firji,
ta tsinko zare a bakin tsohon mayafin uwarta,
ta danne Landan da ɗan yatsa,
ta ja zaren ya ratsa Faransa, ya tsallake teku,
ya bi ta kan rairayin da aka shafa wa ruwan ɗorawa,
ya sauka Kano.
Ta ce, "Baba, duba. Ko taƙina bai cika ba."

Na duba.

Waya ta ce kilomita dubu huɗu da ɗoriya.
Ta rubuta da fensir, ta ja layi biyu a ƙasa.
Ta ce, "Da jirgi zai miƙe, awa shida ne fa.
Ka tashi bayan isha, ka yi asuba a can.
To, me ya hana mu zuwa?"

Ban gaya mata ni ma na sha aunawa ba.

Na auna da albashi,
wata nawa zan yi ina juya sitiyarin bas
cikin yayyafin da ba ya jiƙa gona
kafin kujera huɗu su fito.
Na auna da sikeli,
kilo ashirin da uku ga dangi tamanin,
a cire takalmin Kawu a sa maganin Gwaggo,
a sake zugewa, a hau kan akwati a zauna.
Na auna da harshe,
ranar da 'yata ta gaida kakarta ta waya
ta ce "ina kwana" da la'asar sakaliya,
tsohuwa ta yi dariya har da tari,
ta ce, "Lafiya lau, Baturiyata, kin tashi lafiya?"

Sai awon da ba na son tunawa.
Yaya Mamuda ya bugo da hantsi,
muryarsa kamar an jiƙa ta an matse.
Na ajiye bas, na ari kuɗi wurin Garba mai aski,
ina tsaye a layi, fasfo a hannu,
saƙo ya shigo: an sallace ta bayan azahar.
Daga zaurenmu zuwa kushewa
taku ɗari biyar ne, kafaɗa huɗu.
Jirgin da ke keta gajimare
bai cim ma masu tafiya a ƙasa ba.
Makara ta fita, ni na makara.

Na isa washegari na iske tabarmi,
da butar Inna a gindin rijiya,
da sauran ruwa a ciki.

Ramlatu ta taɓa hannuna, "Baba, daidai ne?"
Na ce, "Daidai ne. Rubuta sunanki a sama."
Malamarsu ta ba ta tauraro na zinariya,
ta manna shi a ƙofar firji, ta manta.

Zaren kuwa na tsince shi a ƙarƙashin tebur
da asuba, ina ɗaura igiyar takalmi.
Shuɗi ne, ya ɗan kaɗe a ƙarshe,
wajen da Kano take.
Na naɗe shi na sa a bayan katin aiki.

Na fito, sanyi ya mare ni, titi ba kowa.
Jirgin farko ya taho da fitilunsa,
ya sauko ƙasa-ƙasa kamar zai gaisa.
Ban san daga inda ya kwano ba.
Na ɗaga kai.